Akwatin imel marar makulli: ƙofar da ta buɗe maka, ta buɗe ma kowa

Wannan shi ne jawabin da na yi a zamanmu na matasa ranar Asabar. Waɗanda ba su samu zuwa ba sun roƙi a rubuta shi. Ga shi kamar yadda na faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.

Na san ana zafi, wasu daga wurin aiki suka fito, wasu daga lakkwal, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

An ce in yi magana kan tsaron asusunmu na intanet. Da na zauna shiri sai na ga batun ya yi faɗi, in na ce zan taɓa komi ba abin da za ku tafi da shi gida. Sai na zaɓi tambaya guda, wadda aka yi mini sau uku cikin wata ɗaya. Na ƙarshe ƙanen abokina ne, ya same ni hankali a tashe ya ce: "Yaya, na buɗe imel na wucin gadi na yi rajista da shi. Yanzu ina son komawa ciki, kuma ba a ba ni kalmar sirri ba. Ƙaƙa zan yi?"

Kafin in amsa, bari in gani. Wa ya taɓa amfani da imel na wucin gadi? A ɗaga hannu, ba kunya. To, madalla, kuna da yawa. Ni ma ga nawa hannun a sama.

Ga waɗanda ba su san shi ba, adireshi ne da wasu shafuka ke ba ka nan take. Ba a tambayar sunanka, ba a tambayar lambar waya, ba a ce ka zaɓi kalmar sirri. Ka shiga shafin, ga adireshi. Ka kwafa ka manna inda ake buƙata, saƙon tabbatarwa ya shigo, ka ɗauki kod, ka yi gaba. Kuma matsala ta gaske ce ta sa aka ƙirƙiro shi. Kun san shafukan nan da sai ka ba da imel kafin ka sauke littafi ɗaya, daga nan su riƙa cika maka akwati da talla har saƙon kirki ya ɓace a ciki. Mailinator, wanda wani Ba'amurke mai suna Paul Tyma ya buɗe a 2003, yana cikin na farko-farko. 10 Minute Mail da Guerrilla Mail sun biyo baya a 2006. Mu da muke harka da Faransanci, da yawanmu YOPmail muka fi sani. Kayan aiki ne masu amfani in an san inda ake sa su. Ni ban sani ba a lokacin, kuma na biya kuɗin makaranta.

Shekarar da na gama jami'a na zama ɗan aika dosiye, kamar kowa. Duk inda aka ce ana ɗaukar ma'aikata ko ana ba da horo, ina can. Wata rana na ga sanarwar wani horo na wata uku, har da ɗan kuɗin abinci, kuma ta intanet ake rajista. Gaskiya na yi zaton ta ƙarya ce, irin ta masu tara adireshin mutane. Muna zaune a fada ana dafa shayi na yi maganar, sai wani aboki ya ce, "Mi ya yi zafi? Ba su imel na wucin gadi mana." Ya nuna mini wani shafi a wayarsa. Na rubuta sunana da shekarar haihuwata a haɗe, akwati ya buɗe, kod ya zo, na gama rajista kafin a zuba shayi na biyu. A raina na ce in da gaske ne ai za su kira ni ta waya.

Bayan kusan sati uku na haɗu da wata da muka yi aji ɗaya, ita ma ta cika. Ta ce, "An kira mu ganawa jibi, kai ba ka ga saƙo ba?" Gabana ya faɗi. Na koma shafin, na rubuta sunan nan, ya buɗe mini ba gardama, bai tambaye ni komi ba. Har na yi hamdala. Amma saƙona ba ya nan. Shafin yana share saƙonni bayan ƴan kwanaki, kuma ya rubuta haka a fili a fuskar farko, ni ne ban karanta ba. Washegari na hau kabu-kabu na je wurin masu horon. Suka duba, sunana yana cikin waɗanda aka zaɓa, an aiko mini saƙo kwana goma sha biyu da suka wuce, an ba da sati ɗaya a amsa. Ban amsa ba, aka ba na bayana. Ba wanda ya cuce ni. Ni na ba da adireshin.

Wannan shi ne rabin labarin da ya ba ni haushi. Ga rabin da ya ba ni tsoro. A ranar da na koma, akwatin ba fanko ba ne. Akwai saƙo ɗaya a ciki, kuma ba nawa ba ne. Wani bawan Allah mai suna irin nawa, da alama shekarunmu ɗaya, ya yi tunani irin nawa ya rubuta suna irin nawa. Ya manta kalmar sirrin wani asusunsa, ya nemi a aiko mashi da mahaɗin sake ta, wato shuɗin rubutun nan da ake dannawa. Ga mahaɗin a gabana. Da na danna, da na saka sabuwar kalmar sirri, da asusunsa ya zama nawa. Ban danna ba. Amma na daɗe ina kallon wayar, don a nan na gane cewa saƙon gayyatata ma, tun yana nan, duk wanda ya rubuta sunan nan zai iya karanta shi, da cikakken sunana da wurin ganawa da lokaci.

To, yanzu mu koma ga tambayar ƙanen namu. Ana iya komawa ko ba a iyawa? Ya danganta da irin akwatin, kuma iri uku ne.

Na farko shi ne akwatin jama'a. Mailinator da YOPmail suna cikin wannan rukuni. Adireshin imel kashi biyu ne: abin da ke bayan alamar @ shi ne sunan gida, abin da ke gabanta shi ne sunan ɗaki. A Gmail, sai ka yi rajista ake gina maka ɗaki a ba ka makulli. A waɗannan shafuka kuwa, babbar kwamfutarsu tana karɓar duk saƙon da ya zo gidan, ko wane sunan ɗaki aka rubuta a kai, ta ajiye shi ƙarƙashin wannan suna. Ke nan ba ka buɗe komi ba. Ɗakin yana nan tun kafin ka zo, kuma ba naka ba ne. Komawa abu ne mai sauƙi: ka shiga shafin daga kowace waya, ka rubuta sunan, shi ke nan. Kamar randar bakin hanya ce da masu gida ke ajiyewa sadaka. Ka sha yau, ka dawo gobe ka sha, ba mai hana ka. Amma ba za ka jefa zobenka a ciki ka ce ajiya ka yi ba. Sa'annan saƙon ma ba ya daɗewa. YOPmail kwana 8 yake riƙewa. Mailinator ƴan awoyi. Guerrilla Mail awa ɗaya. Shafukan ba su ɓoye wannan ba, mu ne ba mu karantawa.

Na biyu shi ne akwatin da ke ɗaure da burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, irin su Chrome ko Firefox. Waɗannan shafuka su ke zaɓa maka adireshi, haruffa da lambobi a hargitse. In ka rufe ka dawo anjima, sai ka tarar da akwatinka yana nan, ka ɗauka ya gane ka. Abin da ya faru shi ne shafin ya ajiye wata ƴar shaida cikin burauzar, wadda ake kira kuki. Ku tuna mai gadin babura a bakin kasuwa. Ka ajiye moto, ya ba ka ɗan kati mai lamba. Bai san sunanka ba, katin ya sani. In katin ya faɗi kana da aiki, in wani ya tsince shi kana da babban aiki. Haka kukin yake. Ka share bayanan burauza don waya ta cika, ya tafi. Ka buɗe shafin a yanayin sirri ka rufe, ya tafi. Ka canza waya, ko aka yi mata wankin ciki wajen mai gyara, ya tafi. In kuma a sibar ka buɗe, ka tashi ba ka share ba, ka bar katin a kan tebur, wanda ya zauna bayanka shi ke da akwatin.

Na uku shi ne mai ƙidayar lokaci. 10 Minute Mail sunansa ya faɗi komi: minti goma. Kana iya neman ƙarin minti goma in saƙo bai iso ba, amma ba wurin zama ba ne. In lokacin ya wuce, ka ɗauka adireshin ya mutu. Ƙanƙara ce a watan Afrilu, ka sha da sauri.

Kun ga ke nan amsar tambayar ba ta da daɗi ta kowane gefe. In ka iya komawa cikin sauƙi, to wani ma zai iya. In kuma ba wanda zai iya shiga, akwai yiwuwar kai ma ba za ka iya ba. Kalmar sirrin da muke ganin wahala ce, ita kaɗai ce ke bambanta mai akwati da mai wucewa.

Wani zai ce, "To ai ba komi cikin akwatin, kod ne kawai, kuma na riga na yi amfani da shi." Nan ne mafi yawanmu muke yin kuskure. Haɗarin yana ga saƙon da zai iya shigowa gobe. Ku duba kowane shafi da kuke da asusu, ƙarƙashin wurin saka kalmar sirri akwai ɗan rubutu: na manta kalmar sirri. In an danna shi, ina ake aika mahaɗin? Imel ɗin da aka yi rajista da shi. Wato imel ɗinka shi ne makullin ajiya na duk asusun da ka ɗaura a kansa. Komi tsawon kalmar sirrin da ka saka ma asusun, ko ta kai haruffa 20, wanda ya san adireshin kuma yake iya shiga akwatin ba ya buƙatar ta. Zai ce ya manta, a aiko mashi, ya saka tasa. Ka yi ma ƙofa kwado mai tsada, ka rataye makullin a bangon waje.

Kuma sanin adireshin ba wuya. Mu yi ma kanmu adalci, wane suna muke rubutawa in an ce mu zaɓa? Sunanmu da shekarar haihuwa. Sunanmu da 227. Sunanmu da na garinmu. Mutum nawa ne masu suna irin naka tsakanin Maraɗi da Damagaram? Ni da takwarana ba mu san juna ba, ba wanda ya nemi wani, amma muka tsinci kanmu ɗaki ɗaya. Ina ga wanda ya zauna takanas yana gwada sunaye?

Akwai kuma wani abu da ba mu cika tunawa ba. Sunan gidan nan da ke bayan @, haya ake yi, ana sabunta shi lokaci-lokaci. Manyan shafuka suna toshe sunayen gidajen imel na wucin gadi, shi ya sa masu su ke yawan kawo sababbi suna barin tsofaffi. In aka bar sunan gida hayarsa ta ƙare, wani na iya kama shi, daga ranar kuma duk saƙon da aka aika can hannunsa zai faɗa. Wannan matsala ta adireshin da ya canza hannu ta taɓa har manyan kamfanoni. A 2013 Yahoo ya saki sunayen asusun da suka shekara ba a taɓa su ba don wasu su ɗauka, kuma wasu daga cikin sababbin masu sunayen sun ba da labarin suna samun saƙonnin da aka aiko ma tsofaffin masu su. In haka ta faru inda ake da rajista da kalmar sirri, ku ƙiyasta inda babu.

Bari in taɓa wani zato da na sha ji, musamman wajen masu son kai ƙorafi ko tona wata ɓarna ba tare da an san su ba. Suna ɗauka imel na wucin gadi rigar layar zana ce. Yana ɓoye adireshinka na gaske daga shafin da ka yi rajista, wannan gaskiya ne. Amma shafin imel ɗin yana ganin lambar IP da ka shigo da ita, kuma hanyar da ka bi ka hau intanet, layin waya ne ko wifi, tana barin sawu. A watan Disamba na 2013 wani ɗalibin jami'ar Harvard a Amurka ya aika saƙon ƙarya cewa an dasa bam, don ya kauce ma jarabawa. Ya yi amfani da Guerrilla Mail, ya haɗa da Tor, manhajar ɓoye sawu. Masu bincike suka ga ta Tor saƙon ya fito, jami'ar ta duba wa ya hau Tor ta wifinta a wannan lokaci, aka same shi, ya amsa laifinsa. Abin da ya yi mugun abu ne, kuma daidai ne da aka kama shi. Na kawo labarin ne don mai gaskiya ma ya san iyakar kayan da ke hannunsa. Ka kuma tuna, in ka bar adireshin akwatin jama'a don a ba ka amsa, amsar tana ajiye inda kowa ke iya karantawa, har wanda ka kai ƙararsa.

To, mi za a yi? Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda tun ɗazu suke tuna wani asusu da suka buɗe haka. Ku saurara da kyau.

In har yanzu kana iya shiga asusun, kana tune da kalmar sirrinsa, kai ne mai sa'a. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka shiga wurin saiti ka canza imel ɗin zuwa naka na gaske. Ka ƙara lambar waya. In shafin yana da tabbatarwa mai mataki biyu, ka kunna. In ya ba ka lambobin ajiya na gaggawa, ka rubuta su a takarda ka sa cikin dosiyen da kake ajiye takardar haihuwa da dipulom. Wasu shafuka sai sun aika saƙo ga tsohon adireshin kafin su yarda a canza, shi ya sa nake cewa yau, tun kana iya leƙa shi.

In ka manta kalmar sirrin kuma akwatin na jama'a ne, ka buɗe akwatin tukuna, sa'annan ka nemi a aiko da mahaɗin. Da ya shigo ka danna, ka saka sabuwar kalma, ka canza imel ɗin nan take, ka share saƙon. Kada ka nemi mahaɗi ka tafi cin abinci. Tsohon saƙon da aka riga aka share kuwa, kada ka wahalar da kanka, ka nemi wanda ya aiko ya sake aikowa.

In akwatin mai ɗaure da burauza ne, ka koma wayar da ka buɗe shi da ita, da burauzar da ka yi amfani da ita. Kada ka share komi tukuna. In ka manta sunan shafin, ka duba tarihin burauzar. In shaidar tana nan, zai buɗe maka. In ya ba ka sabon adireshi, tsohon ya kuɓuce.

In duk wannan bai yi ba, saura ka rubuta ma masu shafin da asusunka yake, ka ba su duk shaidar da kake da ita cewa naka ne. Wani lokaci a dace, sau da yawa ba a dacewa. In kuma dosiyen aiki ne ko na bursu ko konkur, kada ka zauna jiran intanet. Ka kira, ko ka taka ka je, ka ce a gyara adireshinka. Da na yi haka sati biyu kafin ranar da na je, da labarina ya canza.

Abu biyu kuma dan Allah. Na ɗaya, duk wanda ya ce ka ba shi jika biyu ko uku zai dawo maka da akwatin da ya mutu, ka riƙe kuɗinka. Saƙon yana kan kwamfutar masu shafin, in sun share ba gwanin da ke zaune a unguwarku da zai dawo da shi. In ya nemi kalmar sirrinka ko kod ɗin da aka turo maka ta waya, to asusunka yake so. Na biyu, abin da na nuna maku yau kada ya zama wasan fada, a zauna ana gwada sunayen mutane ana dariya. Ƙofa a buɗe ba izinin shiga ba ce. Wanda ya yi amfani da mahaɗin wani ya karɓe asusunsa sata ya yi, kuma dokar ƙasarmu ta 2019 kan laifukan intanet ta tanadi hukunci kan shiga tsarin kwamfuta ba da izini ba. In ka tarar da saƙon wani, ka rufe ka fita.

Ban ce a daina amfani da imel na wucin gadi ba. Ni kaina har gobe ina amfani da shi. Tambaya ɗaya nake yi ma kaina kafin in manna shi: in na rasa wannan asusu gobe, ko wani ya shige shi, zan ji ciwo? In sauke takarda ɗaya ne, ko gwada wata manhaja da ba zan sake buɗewa ba, bismilla. Ko a nan ɗin ma ba na rubuta sunana, haruffa nake hargitsawa masu tsawo. A YOPmail kowane akwati yana da wani adireshi na biyu da shafin ke bayarwa, saƙo yana bi ta kansa ya shigo, amma wanda ya ga wannan adireshin ba zai iya buɗe akwatin da shi ba. Shi ya fi kyau a bayar. Amma duk abin da ya shafi kuɗi, ko karatu, ko neman aiki, ko shafin sana'arka da kake tallar kaya, ko hotunanka da hirarka, wannan sai akwati mai makulli.

Matsalar talla kuwa tana da magani da bai kai ga wannan kasada ba. Mafi sauƙi, ka buɗe imel na biyu na gaske, da kalmar sirrinsa, ka ware shi don shafukan da ba ka yarda da su sosai ba. Kyauta ne. Sai dai ka riƙa leƙa shi, don tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar cewa asusun da ya shekara 2 ba a shiga ba ana iya share shi. A Gmail kuma kana iya ƙara alamar + da wata kalma bayan sunanka, misali sunanka+konkur@gmail.com. Saƙon zai zo akwatinka kamar kullum, kuma in talla ta fara zuwa ta wannan adireshi ka san wa ya ba da shi. Akwai kuma irin su Firefox Relay da na DuckDuckGo, waɗanda ke ba ka adireshin rufa fuska. Saƙo ya bi ta can ya faɗo akwatinka na gaske, ranar da ka gaji ka kashe shi. Bambancinsu da na wucin gadi shi ne kai kaɗai ke karanta saƙon.

Lambar wayar da ka ɗaura ma imel ɗinka ita ma ka kula da ita. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani na iya karɓewa ya sayar ma wani. In ka jefar da layi, ka cire shi daga asusunka tukuna.

Na san abin da ke kai mu ga waɗannan gajerun hanyoyi. Forfe yana ƙarewa, caji saura kaɗan, wuta ta ɗauke, shafi yana ta tambayoyi, mutum yana son ya gama ya tashi. Ni ma minti biyar na so in rage a ranar, suka ci mini horon wata uku. Ƙanen da ya kawo mini tambayar kuwa, Allah ya taimake shi, nasa na jama'a ne kuma yana tune da sunan. Muka zauna tare, ya nemi mahaɗi, ya canza adireshin, bai kai kwata ɗaya ba. Da muka gama ya ce, "Yaya, ashe duk watannin nan kowa na iya shiga?" Na ce ƙwarai kuwa.

Ga aikin gida, kuma zan tambaya a zama na gaba. Kowa ya ɗauki takarda ya rubuta asusunsa guda biyar da ya fi ji da su. A gaban kowane ya rubuta imel ɗin da ke ɗaure da shi. Sa'annan ya tambayi kansa: ina iya shiga wannan imel yau? Kuma ni kaɗai ke iya shiga? Duk inda amsar ba "i" ba ce sau biyu, a gyara kafin Juma'a. Wanda ya gama nasa ya duba na ƙanensa, da na mahaifiyarsa in shi ya buɗe mata waya, don mu ne muke buɗe masu, kuma sau da yawa da gaggawa muke yi.

Wanda abin ya cushe mashi ya same ni bayan an tashi, ina nan har magariba. Amma kada kowa ya gaya mini kalmar sirrinsa, ni ma ban da ni. Allah ya tsare mu, ya mai da kowa gida lafiya.